Motar da Ke Kuka da Tsakar Dare

Cikin watan Agusta na 2023 wata jar mota ta hana unguwa guda barci a Agadas. Tana cikin gareji a kulle, makullinta na aljihun mai ita, amma da dare ya raba sai ta kama hon ita kaɗai. Wani daren gilasan ƙofa su zuge da kansu, wani daren fitilun baya su kwana a kunne har batir ya mutu. In an tashe ta da sassafe, allon gaban direba ya cika da fitilun gargaɗi, ja da rawaya: na birki, na inji, na jakar iska. A kashe a sake tayarwa, rabinsu sun ɓace. Da rana ta take kuwa sai ta warke garau, kamar ba ita ba.

Mai motar yayana ne ta wajen uwa, Alhaji ne da Allah ya buɗa wa ta dalilin zinariya. Tun da aka gano ta Jado a Afrilun 2014, daga baya kuma ta Cibarakatan can wajen iyakar Aljeriya, shi bai taɓa riƙe diga ba. Ruwa da shinkafa da mai yake kai wa mahaƙa, a bayan Hilux da Land Cruiser. Mutum ne da ya san mota, yana jin kukan inji daga nesa ya gaya maka abin da ke damunsa. Wannan ce kaɗai ta gagare shi.

Maserati ce, samfurin GranTurismo, ƙirar 2012, mai ƙofa biyu da tambarin mashi mai baki uku a hanci. A Modena ta Italiya aka haɗa ta. Injinta mai silinda 8 ne, lita 4.7, wanda kamfanin Ferrari ya ƙera a Maranello, kuma ƙarfinsa ya haura na dawaki 400. Sabuwarta a Amurka ta wuce dala 120,000. Shi kuwa Alhaji a Yamai ya gan ta a farkon shekarar, 'yar Kwatano, wato ta hannu, fes da ita, aka yi masa kuɗin da bai kai na Hilux mai tsafta ba. Bisa babbar mota aka ɗauko ta, tafiyar kusan kilomita dubu, don tsakanin cikinta da ƙasa bai cika taƙi ɗaya ba, hanyar yuraniyom kuma daga Tawa zuwa Abalak zuwa Agadas ta daɗe da gajiya tun shimfiɗar da aka yi mata a ƙarshen shekarun 1970.

Kowa ya sa ido ya ga abin da zafi da ƙura za su yi mata. Maris ya wuce, Afrilu ya wuce, Mayu ya zo da zafinsa na sama da digiri 40, mota ko tari ba ta yi ba. Sai da hadari ya fara haɗuwa bisa duwatsun Abzin sannan ta birkice.

Mata a gida suka ce baki ne, mota irin wannan a garin da kowa ya san kowa. Alhaji ya sa aka yi addu'a aka yi sadaka, wanda ba a taɓa yin asararsa. Abokansa suka ce batir ne, aka sa sabo, ya kwana biyu shi ma ya mutu. Mafi rinjaye suka ce fetur ne, kuma maganarsu na da kan gado: tun da Najeriya ta janye tallafin mai a ranar 29 ga Mayun shekarar, kasuwar man kwalba da jarka ta rikice a Nijar, ba ka sanin abin da aka zuba maka, inji irin wannan kuwa sai fetur mai kyau. Aka juye tanki, aka zuba na gidan mai. A daren ranar ta yi hon har kusan asuba.

Daga nan aka ɗauko wani dattijon bakanike. Yana yaron gareji lokacin da tseren Paris-Dakar ya fara ratsa Agadas a 1979, ya ga Turawa suna kwance inji cikin dare suna ɗaura shi kafin gari ya waye, kuma tun daga lokacin bai yarda da zato ba sai abin da hannunsa ya taɓa. Ya saurari batun fetur har ƙarshe, sannan ya ce, "Alhaji, mugun mai yana sa inji tari, yana sa shi ƙwanƙwasa. Amma ban taɓa ganin man da ya danna hon alhali inji na kashe ba."

Ba shi da kwamfutar binciken da wakilan kamfanin ke da ita, sai 'yar ƙarama ta gama-gari da ɗansa ke riƙewa. Da aka jona ta, sai ta zubo ƙorafi rututu, kuma yawancinsu magana ɗaya suke maimaitawa: wannan sashe ya daina jin wancan. Motocin wannan zamani ba kwamfuta ɗaya ke cikinsu ba. Inji da tasa, giya da tata, birki, ƙofofi, kujeru, kowa da 'yar kwamfutarsa, kuma duk suna magana da juna ta wasu siraran wayoyi biyu a murɗe, tsarin da kamfanin Bosch na Jamus ya fito da shi a 1986. Dattijon ya ce abubuwa goma ba sa lalacewa rana ɗaya, a nemi abin da ya haɗa su.

Maimakon ya ɗauki sufana, sai ya zauna bisa tabarma ya shiga tambaya. Wace rana ta fara? Ran da aka yi ruwan farko mai ƙarfi. Wane dare ta fi hauka? Daren da aka kwana da hadari. Akwai ran da ta yi shiru? Akwai, kwanakin da sama ta washe iska ta bushe. Ran da aka wanke ta fa? Ran nan ba a barci. Ya miƙe ya sa aka kwance kujerar gefen direba, ya ɗaga kafet, ya kamo damin wayoyin da ke bin gefen ƙofa, ya zare wani soket ya juyo da shi wajen haske. Haƙoran jan ƙarfen da ya kamata su yi ƙyalli sun zama kore shar, wani farin gari-gari ya cika tsakaninsu. Ya zare na biyu, haka. Na uku ma ƙusarsa ɗaya ta karye ta biyo hannunsa.

"Ruwa ba ya tsami banza," in ji shi. "Wannan motar ta nutse."

A nan ne al'amarin ya kai inda ya fi yi mini ciwo. Akwai wani yaro maraya, ɗan shekara goma sha tara, shi ke wanke motar, shi kaɗai ake ba makulli ya kai ta a duba iskar taya. Cikin watan kuma koramar Telwa ta kawo ruwa, samari suna ta zuwa kallo. Duk ɗan Agadas ya san abin da Telwa ke iyawa, ba a manta farkon Satumban 2009 ba, lokacin da ta ɓalle cikin dare ta rushe gidaje masu yawa. Nan take Alhaji ya haɗa lissafi: yaro ya ɗauki mota don ya burge abokai, ya tsunduma ta cikin ruwa, ya dawo ya goge ya yi shiru. Yaron ya durƙusa ya ce, "Wallahi Baba ban taɓa wuce kwalta da ita ba." Aka karɓe makulli, aka ce ya koma wajen kakarsa. Na ce, "Yaya, a yi haƙuri a gama bincike." Ya ce binciken me kuma, ga ruwa ga wanda ke riƙe da makulli.

Dattijon bai ce uffan ba a lokacin, amma washegari da hantsi ya dawo, ya ce shi aikinsa bai ƙare ba.

Abin da ya fara yi shi ne ya kama bel ɗin kujera ya yi ta ja har ya ƙure, ya fito da ƙarshen da ke naɗe cikin bango wanda ba ya fitowa ko mutum ya ɗaura. Wurin ya yi tauri, da zane-zanen dabbare irin na ruwan da ya kwanta ya bushe. Ya bi bangon da fitila daga ciki, ya sami layin da ruwan ya tsaya, ya auna da hannu: ya haura mazaunin kujera. Sai ya juyo ya tambayi Alhaji, motar da hancinta ke shaƙar iska daga ƙasa-ƙasa, in ta shiga ruwa mai wannan zurfi inji na aiki, me zai faru? Alhaji ya san amsar, don ya taɓa rasa mota a kwari. Inji zai zuƙi ruwa, ruwa kuma ba ya matsuwa, sandunan fistin su lanƙwashe, a tsaya cak a wurin. Wannan injin kuwa lafiyarsa lau, kukansa sumul, baƙin mansa ba alamar fari. Ke nan lokacin da ruwa ya ci ta, a ajiye take, a kashe. Ba tuƙa ta aka yi aka shiga ruwa ba, ruwan ne ya same ta inda take. Garejin Alhaji kuma bisa tudu yake, ko ɗigo bai taɓa shiga ba.

Na biyu, tsatsa. Ƙarafan da kujera ke zamewa a kansu sun yi tsatsa mai kauri, tana ɓarewa ɓawo-ɓawo. A Agadas ƙarfe ba ya yin haka. Ruwan shekara guda da ƙyar yake wuce milimita 150, kuma gawawwakin tsofaffin Land Rover da Berliet na nan zube a bayan gareji-gareji, yashi ya cinye fentinsu amma ƙarfen bai ruɓe ba. Tsatsar da ke ƙarƙashin kujerar nan ba ta mako uku ba ce, ta watanni ce.

Na uku shi ya sa jikin Alhaji ya fara sanyi. Kafet ɗin sabo ne dal, ya fi sauran cikin motar ƙuruciya. Kawunan kusoshin kujera duk da tabon sufana, wasu 'yan maƙalan roba sun karye an manne su da gam. Wani ya riga mu buɗe cikin motar nan, ya wanke abin da ido ke gani, ya canza abin da hanci ke ji, ya mayar ya rufe. Maraya mai bokiti da soso ba shi da kuɗin wannan aiki, ba shi da wurin yin sa.

Saura tambayar wane ruwa ne. Dattijon ya buɗe but, ya cire murfin da ke gefen batir, ya zura hannu har gwiwa cikin wani lungu da mai wanki ba zai kai ba, ya kankaro busasshiyar laka da farce. Ya baza ta a tafin hannu muka sunkuya. Lakar Telwa ja-ja ce mai tsakuwa, daga dutse take gangarowa. Wannan kuwa toka-toka ce, da farin yashi mai laushi ƙwarai, kuma a tsakiyarta ga wata 'yar farar katantanwa da ba ta wuce ƙwayar dawa ba. Ya dangwala yatsa ya ɗora a harshe, ya yamutsa fuska ya tofar. Ya ce gishiri ne, da ɗaci-ɗaci a bayansa.

Wani daga cikin masu kallo ya ce ai ƙasarmu ma ƙasar gishiri ce, ga Bilma ga Fashi ga Tegidda. Gaskiya ne, sai dai motar da ko kwaltar Tawa ba ta iya bi da ƙafarta ba, ba za ta je Bilma ba. Ruwan gishirin da zai kai mazaunin kujera, ya zo da farin yashi da katantanwa, teku ne. Tsakaninmu da teku mafi kusa kuwa akwai fiye da kilomita dubu.

To wace teku? Alhaji ya ce dillalin da ya sayar masa ya gaya masa daga Turai take, wani tsohon likita ne ya ajiye ta. A nan ɗan dattijon ya karɓi aiki. Ya nuna mana abin da muka yi wata shida muna kallo ba mu gani ba: manyan lambobin agogon gudu mil ne, kilomita ce ƙanana. A gefen bamba akwai 'yan fitilu rawaya a gaba, ja a baya, waɗanda dokar Amurka ke tilastawa. Takardar da ke manne a bakin ƙofar direba da Turancin Ingilishi take. Motar da aka ƙera don kasuwar Amurka ce. Sannan ya leƙa ƙasan gilashin gaba ya kwafo lambar shasi, haruffa da lambobi 17. Ya ce Z na farko Italiya ke nan, ZAM kuma Maserati, harafi na goma C yana nufin 2012. Ya rubuta lambar a wayarsa ya jefa a intanet.

Kamfanonin gwanjon motocin inshora a Amurka suna ɗaukar hoton kowace mota ta kowane gefe kafin su sayar, kuma hotunan kan daɗe suna yawo bayan an gama ciniki. Ba a jima ba sai ga jar motar Alhaji a fuskar waya, tsaye a wani fili cikin layin motoci, an yi rubutu da alli mai launi a gilashinta, laka ta bushe bisa kujerun fata. Wurin jihar Florida ne, lokacin ƙarshen 2022, dalilin sayarwa kuma ambaliya. Sauran labarin duniya ta san shi. A ranar 28 ga Satumban 2022 mahaukaciyar guguwar Ian ta afka wa kudu maso yammacin Florida, ta turo teku cikin gari, a wajen Fort Myers ruwan ya haura mita 3. Yanki ne na attajirai da masu ritaya, gidajen bakin ruwa da gareji cike da motocin alfarma. Kamfanin Carfax mai tattara tarihin motoci ya ƙiyasta cewa motocin da ruwan ya taɓa za su kai 358,000.

Alhaji ya daɗe yana kallon hoton. Da ya ɗago, tambayar da ya yi ita ce wadda ta rage mana duka: in tun 2022 ta nutse, me ya sa ta yi wata huɗu tana tafiya lafiya a hannunsa?

Amsar tana cikin ɗacin nan da dattijon ya ji a harshe. Duk litar ruwan teku tana ɗauke da gishiri kimanin giram 35. In ruwan ya bushe gishirin ba ya tafiya, yana nan cikin soket, har cikin silin waya, don ruwa na bin ƙarƙashin robar waya ya yi nisa. Busasshen gishiri ba ya ɗaukar wuta, shi ya sa a bazara motar ta yi lafiya, lokacin da iskar Agadas ba ta da laima ko kaɗan. Amma kowace mai girki ta san yadda gishiri ke jiƙewa a kwano da damina ba tare da an zuba masa ruwa ba. Na girki sai laimar iska ta kai wajen kashi 75 cikin 100 yake fara narkewa. Na teku kuwa yana gauraye da wani mai ɗaci, gishirin maganiziyom, wanda tun daga wajen kashi 33 yake fara tsotsar danshi. Daren Agusta a Agadas yana wuce wannan cikin sauƙi. Da gishirin ya jiƙa sai ya zama gada tsakanin haƙoran soket, wuta ta tsallaka daga wayar da ke da ita zuwa wadda ba a aike ta ba: hon ya ɗauka an danna shi, gilashi ya ɗauka an ce ya sauka, batir ya yi ta zuba har ya ƙare. Rana ta fito ta busar, komai ya koma daidai, sai dai kowane dare jan ƙarfen na ƙara cinyewa.

Ni ban ga laifin cinikin tsofaffin motoci ba, da shi muke rayuwa. Hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙirga a rahotonta na 2020 cewa tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motoci na hannu miliyan 14, kashi 40 cikin 100 kuma Afirka suka zo. Ko motar ambaliya ma halal ce in an faɗa, mai saye ya saya don inji da giya da ƙafafu, ya biya kuɗin da ya dace da haka. Abin da ban yafe ba shi ne sabon kafet ɗin. A Amurka ana buga wa takardar irin wannan mota tambarin ambaliya, wasu ma a haramta musu sake hawa titi. In ta shiga kwantena ta sauka a Kwatano ko Lome, aka yi mata sababbin takardu, tambarin ya tsaya can, don takardar mota a nan mai ita da lambarta take nunawa, ba tarihinta ba. Wanda ya shimfiɗa kafet ɗin ya san haka sarai. Limamin unguwarmu da ya ji labarin ya tuna mana hadisin mai hatsin da ya ɓoye jiƙaƙƙe a ƙasa ya ɗora busasshe a sama, ya kuma ce a fiƙihu wanda aka ɓoye wa aibi yana da haƙƙin mayar da kaya. Alhaji ya kira dillalin. Dillalin ya rantse shi ma haka ya saye ta daga wani, wanin kuma daga wani. Mai yiwuwa gaskiya ya faɗa. Kuɗi dai ba su dawo ba.

Gyaran gaskiya shi ne a canza damin wayoyin motar gaba ɗaya da duk 'yar kwamfutar da ruwa ya taɓa, kuma ko a Turai kuɗin wannan kan kusa kuɗin motar. Ga shi lokacin an yi juyin mulkin 26 ga Yuli a Nijar, takunkumin ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ya hau, gadar Gaya da Malanbil a rufe, ko matatar baƙin man inji sai an yi wata ana jira. Dattijon ya ce zai yi abin da hannu zai iya, amma sai damina ta ɗauke. Cikin Oktoba suka fitar da kujeru da kafet da bangon ƙofofi. Abin da ya ba mutane mamaki, da ruwa ya fara: ruwan batir, wanda ba gishiri a cikinsa, ya yi ta ɗauraye kowane soket da buroshin haƙori, don gishiri ba ya fita da mai ko iska sai ruwa ya narkar da shi. Ya bi da sifirit, ya bar motar a buɗe cikin rana. Wayar da ya fere ya ga silinta ya yi baƙi, sai ya yi ta yankewa baya-baya har ya iske ja mai ƙyalli, ya ƙara sabuwa ya kama da darma, ya shafe bakin soket da giris na lantarki.

Ya kuma gaya wa Alhaji gaskiya ba rufa-rufa. Hon da gilashi ya ɗauki alkawarinsu. Jakar iska da kwamfutar birki kuwa bai ɗauka ba, don ba a gane lafiyarsu sai ran da ake bukatarsu. Kada a yi gudu da ita, kada a ɗauki yara a ciki, da damina a cire kan batir a bar ta. Ya ƙara da na yau da kullum: baƙin mai na roba irin wanda littafinta ya ce, a canza shi kafin lokaci saboda ƙura, a riƙa duba matatar iska, a ajiye tayoyi tun kafin a bukata, don na gaba da na baya ba faɗinsu ɗaya ba kuma babu irinsu a kasuwar Agadas.

Tun kafin a fara wannan aiki, a daren da aka ga hoton, Alhaji ya ce in raka shi gidan kakar yaron. Ya tuɓe takalmi a zaure, ya gaida tsohuwa, ya ce, "Inna, na zo neman gafara, na zalunci ɗanki." Yaron ya fito yana sunkuyar da kai, Alhaji ya miƙa masa makulli da kuɗin watansa. Yaron ya karɓi kuɗin ya miƙa wa kakarsa, makullin kuwa ya ce a yi masa haƙuri. Ya roƙi alfarma ɗaya, a sa baki dattijon ya ɗauke shi koyon aiki. Shi ya wanke yawancin soket ɗin nan da hannunsa, kuma yanzu duk 'yar Kwatanon da aka kawo garejin a duba kafin a biya kuɗi, shi ake turawa ya kwafo lambar shasi ya ja bel har ƙarshe.